Sunan da Zan Iya Kira

Tun da na dawo daga ƙasar Keita, matan da muke saƙar tabarma tare a gindin itacen bedin ƙofar gidanmu ba su bar ni na huta da tambaya ba. Wata ta ce an gaya mata zinariya muka je nema. Wata ta ce magani na je karɓowa. Ni kuwa sai in ce musu hanya dai da nisa, ga cuku na kawo muku. Yanzu da abin ya kammala, na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ina da ɗiya, ita ce ta fari. Kowa a nan Madawa ya san uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ban taɓa faɗin sunanta na yanka ba. Ranar da na kai ta lakwal, makarantar boko, da mushe malaminsu ya tambaye ni sunan, maƙwabciyata ce ta faɗa a madadina. A nan ma ba zan rubuta shi ba. Ana tsakiyar ruwa na haife ta, har ungozoma ta shigo da zane jiƙe sharkaf, saboda haka na riƙa ce mata Anaruwa. Ni kaɗai nake kiranta haka, kuma a cikin gida kawai.

Hannunta bai taɓa karɓar kaba ba. In na zaunar da ita saƙa, kafin in juya ta tsuguna a gindin danga tana kallon ƙasa. Da wannan kallon ƙasar ta tafi har jami'a, inda ta karanci ƙananan halittu. Tana shekarar ƙarshe sanƙarau ya kama ta da bazara. Ba ta daɗe tana jinya ba. Allah Ya jiƙanta.

Bayan damina ta biyu da rasuwarta, wata mata ta yi sallama a gidanmu. Ta ce sunanta Madam Zalika, ita ce malamar ɗiyata. Ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, ta yi ta'aziyya kamar jiya abin ya faru. Sannan ta ce yarinyar, a hutunta na ƙarshe, ta kamo wani irin tautau a kan tudun wani ƙauye kusa da Garhanga, wanda ita Madam ta duba duk littattafan da take da su ba ta ga irinsa ba. A wurin masu wannan ilimi, in an sami halittar da ba a taɓa rubutawa ba, wanda ya bayyana ta shi ke sa mata suna, kuma sunan nan yana zama har bayan ran mai sa shi. Ta ce tana so ta sa sunan ɗiyata. Dokarsu ba ta ce sai ta tambaye mu ba, amma ita ba za ta yi ba sai mun yarda.

Mijina ya riga ɗiyar tafiya, saboda haka aka kai maganar ga wansa, wanda muke kira Malam Babba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce sunan nan na ɗaya daga cikin matan Annabi ne, an yanka rago a kansa, ba zai yarda a ɗora shi a kan abin da ake takewa da takalmi ba. Amma ya ce ni na haife ta, in na ga daidai ne ba zai yi faɗa da ni ba, sai dai ba da bakinsa ba.

Madam Zalika ta ce dama da kaka za ta koma tudun, domin duk waɗanda yarinyar ta kamo mata ne, tana son namiji kafin ta tabbatar. Na ji bakina yana cewa ba zan amsa ba sai na ga abin da idona, a inda ta gan shi. Ban taɓa wuce Bangi ba a rayuwata.

Mun tashi bayan asuba a motar jami'a, wata kat-kat, irin ta shiga daji, mai ƙara. Direban sunansa Illa, mutumin Tawa, mai yawan magana. Da yake hanya tana da gargada, Madam ta ce kwalin kwalabenta ba zai zauna a baya ba, sai na ce a ɗora mini a cinya. Ana yankan hatsi a lokacin. Dammuna a jere a gonaki, mata da ƙwarya a kai, jakai suna tafiya a gefen hanya kamar masu barci. Ni ma rabin barci nake. Tun rasuwarta ban cika bambance safe da yamma ba, kuma motar tana jijjiga ni kamar an goya ni. A wajen Karofane Illa ya tsaya ya sayo ƙosai, ya ce na nan ya fi na Madawa. Bai fi ba, barkono ne kawai ya yi yawa.

Kafin mu shiga Buza muka tarar da shingen jandarmomi. Wani dogon jandarma ya leƙo ta taga, ya gaishe mu, ya dubi kwalin da ke cinyata.

"Hajiya, mi ke cikin kwalin ga?"

Na ce masa ni ma ban sani ba, amana ce aka ba ni. Ya buɗe kwalba ɗaya ya sansana. Ya dubi hijabina, ya dubi carbin da ke hannuna, ya sake sansanawa. Ashe alkol ne, irin na likita, wanda suke ajiye ƙwari a ciki don kada su ruɓe. Na ji kunya har cikin ƙafafuna. Madam ta miƙa masa takardar aikinta, ta kuma ciro wata 'yar kwalba mai tautau a ciki ta nuna masa. Ya ɗaga ta sama yana kallo a hasken rana.

"To, alhamdu lillahi," in ji shi, "ashe wanga ne mashayin, ba Hajiya ba."

Illa ya yi ta dariya har muka hau tudun gari. Kafin mu wuce ma sai da jandarman ya buɗe wuyan rigarsa ya nuna wa Madam wasu ƙuraje, ya ce tsohuwarsa ta ce tautau ne ya yi masa fitsari. Madam ta ce ya je likita, sau da yawa ana ɗora wa tautau laifin da ba nasa ba.

A Buza muka sauka gidan wata ƙawarta mai aikin karɓar haihuwa a gidan likita. Garin yana kan dutse, in ka fita ƙofa sai ka ga rufin wasu gidaje a ƙasan ƙafarka, abin da ban saba gani ba, mu da muke kwance a kwari. Ruwansu ma yana da ɗanɗanon dutse. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, na ci kaɗan.

Bayan la'asar Madam ta shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida ta jera kwalaben da ɗiyata ta cika. A cikin kowace akwai 'yar takarda ƙarama kamar farce, an yi rubutu da fensir. Na gane hannun. Ban taɓa kwalbar ba sai da na goge tafina a zane.

Ta ba ni wani ɗan madubi mai girmama abu, ta ce in dubi fuskar. Na daɗe ban ga komai ba sai duhu da gashin idona. Can sai fuska ta fito. Idanu takwas ne. Ƙanana huɗu a jere a ƙasa, manya biyu a samansu suna kallona sosai, wasu biyu kuma can bisa kai. Ta ce da wannan jerin idanun ake gane dangin gaba ɗaya, a kowace ƙasa. Ta rubuta mini sunan dangin a ƙasa da tsinke, Lycosidae, ta ce daga sunan kyarkeci aka ciro shi a wani tsohon harshe, don mutanen da suna ganin suna farauta kamar kyarkeci. Yawancinsu ba sa saƙa yana su zauna jiran abinci. A ƙasa suke yawo, su bi abin da za su ci da gudu.

Na ce, ashe akwai tautaun da ba ya saƙa. Ta ce akwai su da yawa. Sai na tuna kabar da take bari a tabarma ta tafi gindin danga.

Ta ci gaba da yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. A cikin dangin akwai gidaje, a cikin kowane gida akwai iri-iri. Kowane iri sunansa biyu, na gida a gaba, nasa na kansa a baya, kuma da harshen Latin ake rubutawa, harshen da masu shi suka daɗe da ƙarewa, don kada wata ƙasa ta ce nata ne. Ta ce a da, in Turawa sun kamo irin wannan tautau a ƙasashenmu, sau da yawa sai su zuba shi a wani babban gida mai suna Lycosa, ko wani mai suna Hogna, ko ya dace ko bai dace ba. Har yanzu ana ta fitar da wasu ana mayar da su inda suka fi kama. Na tambaye ta, in an sake masa gida, sunan ya tafi ke nan. Ta ce a'a, na gidan ne ke sakewa, nasa na kansa yana bin sa duk inda aka kai shi. Matar gidan, wadda ke tankaɗe a gefe tana jinmu, ta ce to ai mu ma haka muke.

Washegari muka kama hanyar Garhanga. Daga nan ƙasa ta sake. Duwatsu baƙaƙe da jajaye, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke su da wuƙa, da layukan duwatsu da mutane suka jera da hannu a kan gangara don tare ruwa. Illa ya ce mata ne suka ɗauko yawancinsu a kai, tun yana ƙarami. Na yi ta kallon layukan suna bin tudu suna lanƙwasa, sai na ga kamar wata babbar tabarma ce aka fara aka bari.

A wata korama motar ta nutse cikin rairayi. Illa ya ce ba komai, ya taka, ta ƙara nutsewa. Wasu mata da ke sussuka a kusa suka ajiye taɓarensu suka zo, suka jawo karan dawa suka cusa a ƙarƙashin ƙafafun, suka tura suna yi masa tsiya, wai mutumin birni bai san rairayi ba sai a hoto. Ni ma na sauka na sa hannu. Da motar ta fita sai ta watsa mini ƙasa har cikin baki, matan suka yi ta ba ni haƙuri suna dariya. Na ji ina dariya tare da su, muryar ta yi mini kamar ta wata.

Ƙauyen ƙarami ne, rumbunansa sun fi ɗakunansa girma, manya masu ciki kamar tuluna. Muka sauka gidan wata tsohuwa, Kaka Tsahara, inda ɗiyata ta zauna a wancan hutun. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, sai an tambayi gida da gajiya da sanyi da dabbobi, a koma a sake daga farko. Ta kama Illa da wasa nan take, ta ce ga mijinta ya dawo daga yawon duniya hannu wofi. Ta dama mana fura, ta daka cuku ta zuba a ciki, abin da ba mu yi a Madawa. Da farko na ji ta wani iri, daga baya na shanye.

Da Madam ta gaya mata ko ni wace ce, tsohuwar ta riƙe hannuna ta ambaci ɗiyata da sunanta na yanka, ta ce yarinya mai duban ƙasa, mai ɗebo mata ruwa ba a aike ta ba. Ta tambaye ni wani abu game da ita, tana jiran in maimaita sunan. Na sunkuyar da kai na ce, ita yarinyar. Ta dube ni.

"Ta fari ce?"

"Ta fari ce."

Daga nan har muka bar garin ba ta sake faɗin sunan a gabana ba. Madam Zalika a Yamai ta girma, ta san al'adar amma ba ta kawo ta a ranta ba. Da muka keɓe ta ce in yafe mata, tun daga Madawa take ta kiran sunan a kunnena. Na ce mata kada ta daina. Kunnena ba a hana shi ba, bakina ne kawai.

A ɗakin da aka ba ni akwai tabarma a shimfiɗe. Tun kafin in zauna na gane bakinta, domin ni kaɗai nake naɗe baki haka, in mayar da kaba ciki sau biyu. Kaka Tsahara ta ce yarinyar ce ta kawo mata, ta ce saƙar innarta ce, kuma a kanta ta riƙa kwana. Na kwanta a kai da rana tsaka, ban yi barci ba, ban kuma farka ba.

Bayan magariba muka hau tudun. Ba nisa, ana jin dakan gari daga can. Wani manomi ya biyo mu da sanda, ya ce ya ji labarin masu yawo da na'ura suna haƙe gonakin mutane don zinariya, in ma akwai ta a nan to gonar ubansa ce. Da Madam ta gaya masa abin da muke nema, ya tsaya yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in tautau ne, akwai su cike da rumbunsa, mu zo mu kwashe kyauta. Amma bai koma ba, ya zauna a kan dutse yana kallo.

Madam ta ba ni fitila mai igiya. Na riƙe ta a hannu ina haska ƙasa, ban ga komai ba sai tsakuwa da busasshiyar ciyawa. Su kuwa suna ta cewa ga wani, ga wani. Na ɗauka idona ne ya tsufa, ko kuma ba a nufe ni da gani ba. Sai Madam ta zo ta karɓi fitilar ta ɗaura mini a goshi a kan hijabi. Ta ce idanunsu suna mayar da haske ne ta hanyar da ya zo, in fitilar ba ta kusa da idonka, hasken zai koma wani wuri.

Na ɗaga kai. Tudun gaba ɗaya ya kama ƙyalli. Ƙananan ɗigo masu kore-kore, nan da can, kusa da nesa, har inda hasken ya ƙare. Sama ba ta gama duhu ba, taurari ba su gama fitowa ba, amma ga wasu a ƙasa sun riga su. In na matsa sai wasu su mutu wasu su kunnu. Na tsaya ban san tsawon lokacin ba. Abin da ke raina shi ne, ashe wannan take gani. Duk shekarun da nake ce mata ta tashi daga ƙasa ta kama aiki, wannan ne a gabanta.

Na bi wani ɗigo har na tsuguna a kansa. Babba ce, launin ƙasar wurin, amma bayanta ya yi tudu kamar an yafa mata bargo. Da na matso da fitilar sai bargon ya yi ƙyalli shi ma, ƙananan idanu barkatai. Madam ta tsuguna kusa da ni ta ce uwa ce, 'ya'yanta ne a bayanta. Tana jan jakar ƙwanta a ƙugu duk inda za ta, in sun ƙyanƙyashe su hau bayanta, ta yi ta yawo da su har su yi ƙwari. Na tambaya ko za ta kama ta. Ta ce a'a, tana da mata isassu. Muka bar ta ta shige ƙarƙashin dutse da goyonta.

Daren farko ba mu samu ba. Illa ya kamo wasu yana murna, Madam ta duba ta ce yara ne. Ta ce ba a gane iri da launi ko girma, domin da yawa suna kama da juna. Ana ganewa ne da wasu 'yan hannaye biyu da namiji ke da su kusa da baki, waɗanda ba sa gama ƙira sai ya balaga, kuma kowane iri da tasa ƙirar, kamar yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa. Aka sake su. Illa ya ce yau ya ga aikin da ake kama ɓarawo a sake shi don bai isa aure ba.

Washegari da yamma Kaka Tsahara ta ce za ta bi mu, ta gaji da jin labari. Ta hau tudun da sandarta, ta ƙi fitila, ta zauna kusa da manomin nan da ya sake dawowa. Ba a daɗe ba Madam ta kira ni da murya ƙasa-ƙasa. Wani siriri ne mai dogayen ƙafafu, ya fi matan ƙanƙanta, yana tafiya yana tsayawa a fili kamar mai neman gida. Ta kife masa kwalba. Ta duba shi da madubin nan a hasken fitila, ta daɗe. Ta ce balagagge ne, kuma ba ta taɓa ganin wannan ƙirar ba.

Sannan ta zuba shi a alkol. Ya ɗan motsa, ya naɗe ƙafafu. Na kawar da kai. Ta ce ita ma ba ta son wannan wurin, amma dole a ajiye guda ɗaya a gidan ajiya, wanda sunan zai rataya a kansa, don duk mai shakka, ko bayan shekaru masu yawa, ya zo ya duba da idonsa. Kaka Tsahara ta ce daga inda take zaune, ashe su ma ba a suna sai an yanka.

Madam ta riƙe kwalbar a tafinta. Ina jin ta manta ina kusa. Ta faɗi sunan ɗiyata na yanka a hankali, ta ƙara masa 'yar wutsiya irin ta Latin, tana gwada yadda zai zauna a baki. Ya yi daɗin ji. Na buɗe baki in gwada ni ma, sai na ji inda ya tsaya, wurin da ya saba tsayawa tun ranar da aka raɗa mata shi.

Na ce, "Madam, in kin sa wanga suna, kowa a duniya zai iya kiran abin ga, ban da ni."

Ta juyo, hasken goshinta ya shiga idona, ta yi sauri ta kashe.

"To, Inna, a bari ke nan?"

"A'a. Akwai wanda nike kiranta da shi."

Ta ce ba ta taɓa ji ba, yarinyar ba ta taɓa gaya wa kowa a jami'a ba. Na faɗa mata. Tun ranar da aka fitar da ita daga gida ban furta shi ba. Ta maimaita. Ta tambayi dalilinsa, na ba ta labarin ruwan da ungozoma. Ta ce dokarsu ta yarda, za a iya barinsa yadda yake ba a ƙara masa komai ba, kuma a ƙasan sunan ana rubuta dalili, za ta rubuta cewa haka uwarta ke kiranta.

Amma ta ce kada in sa rai gaba ɗaya. Sai ta aika hotuna da kwatanci zuwa gidajen ajiya na ƙasashen waje, a gwada da tsofaffin da ke can cikin kwalabe. In aka tarar wani ya riga ya sa masa suna, ko da shekara ɗari ne, ko da kwatancinsa layi biyu ne, nasa ne zai zauna, namu ya faɗi. Ta kuma roƙe ni kada in yaɗa sunan kafin a buga shi, haka al'adarsu take. Na ce wannan ba sai an koya mini ba, mu ma ba mu faɗin sunan jariri kafin ranar suna. Abin da ya sa ke nan, 'yan uwana, kuka yi ta tambaya ina ba ku cuku.

Da za mu tafi, Kaka Tsahara ta naɗe tabarmar ta ce in tafi da ita. Na ce a'a, an riga an ba ta. Hanyar dawowa ban riƙe komai nata ba, sai dai jandarman nan ya gane mu ya ɗaga mana hannu, ya tambaya ko mashayin ya sami abokai.

Na sami Malam Babba a zaure na gaya masa yadda muka yi. Ya ce Anaruwa ba sunan littafi ba ne, ba a yanka komai a kansa ba, nawa ne, in yi yadda na so da shi. Na tashi zan shiga sai ya tsayar da ni, ya tambaya ko gaskiya ne abin yana goyon 'ya'yansa. Na ce da idona na gani. Ya ce Allah mai iko, ya juya fuska wajen bango yana gyara rawaninsa.

Sanyi ya wuce, bazara ta wuce, ban ji komai ba. Na riƙa gaya wa kaina mai yiwuwa wani Bature da ya daɗe da mutuwa ya riga mu. Sai da damina ta sake kamawa Madam ta kira a wayar ƙaramin ɗana. Ta ce an duba, ba a sami irinsa ba. Sun ajiye shi a gidan da suka ga ya fi kusa da shi, mai yiwuwa wata rana a sake masa, amma sunan ya zauna, an buga.

Ta ce akwai roƙo ɗaya. Wani tsoho mai kula da kwalaben a wata ƙasa mai sanyi, wanda ya taimaka wajen gwadawa, ya tambaya yadda ake faɗin sunan, ba ya so ya ɓata shi. Ta ce ta ga bai kamata ya ji daga bakinta ba. Ɗana ya danna wayar ya riƙe mini kusa da baki ya ce in faɗa sau ɗaya, a sarari.

Niyyata in faɗa kawai. Sai da na gama na lura na ɗaga murya na ja ƙarshensa, yadda nake yi daga bakin ƙofa in magariba ta yi ba ta shigo ba. Na ce a goge a sake. Ɗana ya ce ya riga ya tafi.

Bayan kwanaki Madam ta sake kira tana 'yar dariya. Ta ce tsohon ya koya, ya kuma koya wa ɗalibansa. Ta yi ƙoƙarin gaya masa ba sai an ja ba, ya ce shi yadda ya ji daga uwar haka zai faɗa. Ta ce yanzu duk wanda ya ɗauko kwalbar a can, sai ya ɗaga murya ya ja ƙarshen.

Na ce ta bar su haka.